Za a Iya Gyara Gani Ba Tare da Tabarau Ba? Tambayoyi da Amsoshi

Duk mai riƙe da waya ya taɓa cin karo da irin wannan talla: a yar da tabarau cikin wata guda, ko bidiyon wani yana juya ƙwayar ido hagu da dama yana cewa da haka ya warke. A tasha ma ba a rasa mai kwalba a hannu yana rantsuwa cewa ɗigo biyu sun isa. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan batu. Wasu amsarsu gajeriya ce, wasu kuwa sai an gyara zama.

Da gaske akwai hanyar da mutum zai gyara ganinsa ba tare da tabarau ba?

Ya danganta da abin da ya rage ganin. Idan bushewar ido ce, ko gajiya, ko ƙarancin sinadarin bitamin A, ko sukarin jini da ya hau, to ana magance sanadin gani ya dawo, ba ruwan tabarau. Amma yawancin waɗanda aka rubuta wa tabarau ba wannan ce matsalarsu ba. Tasu a ƙirar idon take.

Ƙwayar idon babban mutum tsawonta daga gaba zuwa baya wajen milimita 24 ne. Haske yana shiga ta gaba, ya ratsa wani ɗan madubi da ke cikin idon, ya je ya taru a kan labulen da ke bayan ido, daga nan jijiyar gani ta kai saƙo ƙwaƙwalwa. In ƙwayar ta yi tsawo fiye da kima, hasken sai ya taru kafin ya isa labulen, mutum ya riƙa ganin na kusa sarai, na nesa kuwa dishi-dishi. Ƙarin milimita 1 kacal ya isa ya hana yaro karanta rubutun allo daga bayan aji. In ƙwayar ta gajarta, ko gaban idon bai yi daidai a lanƙwasarsa ba, nan ma hoto ba zai fita tas ba. Babu abinci, babu atisaye, babu ɗigo da ke rage wa ƙwayar ido tsawo, kamar yadda motsa jiki ba ya mayar da dogo gajere.

Saboda haka abu biyu ne ake cakuɗawa: gyara ganin da ƙirar ido ta rage, da kare ganin da ake da shi. Na farkon sai da tabarau ko aikin likita. Na biyun kuwa akwai abubuwa da yawa a hannun mutum, kuma akasarinsu ba sa cin ko sisi.

To daga ina maganar atisayen ido ta samo asali?

Daga wani likitan ido ne a birnin New York na Amurka, William Bates, wanda ya wallafa littafi a 1920 yana cewa damuwa da takurar tsokokin da ke kewaye da ido su ne ke lalata gani, tabarau kuma ƙara ɓata lamarin suke yi. Ya koyar da rufe idanu da tafin hannu, da lilo da kai gefe zuwa gefe, da fuskantar rana. Kusan duk abin da ake yaɗawa yau a YouTube da TikTok da sunan gyara gani a gida jikokin wannan koyarwa ne, sai dai a sauya musu riga.

Tushen maganarsa kuskure ne. Tsokoki 6 da ke wajen ido aikinsu juya ƙwayar ne sama da ƙasa, hagu da dama. Abin da ke daidaita gani tsakanin kusa da nesa wata ƙaramar tsoka ce a ciki, mai sauya kaurin madubin ido. Shekara ɗari ke nan da 'yan kai ana gwada hanyar Bates, ba a samu shaidar cewa ta rage wa kowa lambar tabarau ba.

Amma na san wanda ya yi atisayen ya ce ya ga sauƙi. Ƙarya yake yi?

Ba lallai ba ne. Wanda ya cire tabarau na makonni, ƙwaƙwalwarsa tana koyon cinkar abu daga hazo-hazo: ya san siffar motar da ke zuwa, ya haddace allon gwajin da ya manna a bango. Yana kuma ƙanƙance ido ba tare da ya lura ba, ƙanƙancewar kuwa tana ɗan fito da hoto. Ƙifta ido da yawa yana shimfiɗa hawaye a kan idon, gani ya washe na 'yan daƙiƙu. Akwai kuma matasan da tsokar cikin idonsu ke ƙagewa saboda yawan kallon kusa, in sun huta sai ta saki. Duk waɗannan sauƙi ne na gaske, amma in aka sa na'ura aka auna idon, lambar tana nan inda aka bar ta.

Akwai inda atisaye ke aiki, kuma likitoci da kansu ke bayarwa: mutumin da idanunsa biyu ba sa haɗuwa daidai in yana karatu, har rubutu ya riƙa rabuwa biyu kansa ya ɗau ciwo. Haka yaron da ido ɗaya ya yi masa lalaci, akan rufe mai lafiyar na wasu sa'o'i a rana don a tilasta wa ragon aiki, kuma ya fi yin nasara in an fara kafin shekara 7 ko 8. Waɗannan ba su ne ake tallatawa a waya ba.

Ana cewa in ka fara sa tabarau idonka ya saba, ba za ka ƙara iya rabuwa da shi ba.

Wannan ita ce maganar da ta fi hana mutane zuwa gwaji, har iyaye su ɓoye tabaran da aka rubuta wa ɗansu. Abin da ke faruwa shi ne, mutum ya daɗe yana ganin duniya a hazo yana zaton haka take. Ranar da ya ga ganyen bishiya ɗaya-ɗaya, in ya cire gilashin sai hazon da ya saba da shi ya dame shi. Idon bai canja ba, shi ne ya san bambanci.

Lambar yaro takan ƙaru shekara bayan shekara saboda ƙwayar idon tana girma tare da jikinsa, ko ya sa tabarau ko bai sa ba, kuma yawanci takan tsaya wajen shekara 20 da wani abu. An ma taɓa gwada bai wa yara gilashin da bai kai lambarsu ba da nufin kada ido ya dogara da shi. Wani bincike da aka yi a Malesiya aka wallafa a 2002 ya nuna yaran da aka rage wa lamba ganinsu ya fi saurin lalacewa a kan waɗanda aka bai wa cikakkiya.

Karas fa? Ba yana ƙara gani ba?

Karas yana ɗauke da abin da jiki ke juyawa ya zama bitamin A, ido kuma yana buƙatar bitamin A don gani a duhu. Wanda ya rasa shi dundumi ke fara kama shi: da magariba ta yi sai ya kama laluben hanya. In abin ya yi tsanani a jikin yaro, musamman bayan ƙyanda ko doguwar gudawa, gaban idon yakan bushe ya yi gyambo, ya bar hakiya ko ya makance gaba ɗaya. A nan abinci magani ne na haƙiƙa: hanta, ƙwai, manja, zogale, alayyafo, kabewa, mangwaro, gwanda, da dankalin Hausa mai jan ciki. Ganye ya fi amfani in an dafa shi da ɗan mai, domin bitamin A da mai yake shiga jiki. Shi ya sa ake ɗiga wa yara 'yan wata 6 zuwa shekara 5 bitamin A sau biyu a shekara, kuma a Najeriya doka ta wajabta saka shi a man girki da sukari da fulawa. Rigakafin ƙyanda ma kariyar ido ce, ko da ba a cika kallonta haka ba.

Amma wanda jikinsa ke da isasshen bitamin A, ko buhun karas ya cinye lambar tabaransa ba za ta motsa ba. Sunan da karas ya yi a duniya ya ƙaru ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da Ingila ta riƙa yayata cewa matuƙan jiragenta suna gani da dare saboda cin karas, alhali sabuwar na'urar rada ce suke ɓoyewa, karas kuma ya yi yawa a ƙasar ana so jama'a su ci.

Ƙwayoyin "ƙarin gani" da ake sayarwa da tsada fa?

Akwai haɗin bitamin da zinc da aka gwada a Amurka, sakamakon farko ya fito a 2001, aka ga yana rage saurin tsanantar wata cutar tsufa da ke cin tsakiyar labulen ido, ga waɗanda cutar ta riga ta kai wani mataki. Iyakarsa ke nan. Bai hana cutar kama mai lafiya ba, bai cire wa kowa tabarau ba. Kuɗin kwalba guda ya fi kyau a kai shi wurin gwajin ido, canjin a sayi ƙwai da ganye.

Mene ne ke hana yaro kamuwa da rashin ganin nesa tun farko?

Wasa a waje. Wannan shi ne abu ɗaya da ya cancanci a kira shi hanyar da ba ta buƙatar magani, kuma yana da hujja mai ƙarfi. A birnin Guangzhou na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan firamare minti 40 a waje kowace ranar makaranta na tsawon shekara 3. Waɗanda suka kamu da rashin ganin nesa a cikinsu wajen kashi 30 cikin 100 ne, a makarantun da ba a ƙara ba kuwa kusan kashi 40. Taiwan ta mayar da abin tsarin ƙasa daga 2010, tana neman kowane ɗalibi ya samu minti 120 a waje kullum, kuma adadin yara masu raunin gani da ya daɗe yana hawa ya fara sauka. Masana na ganin hasken sarari ne ke sa labulen ido ya saki wani sinadari da ke rage saurin tsawon ƙwayar. Ba sai yaro ya tsaya cikin rana ba, inuwar bishiya ma ta ninka hasken ɗaki sau da yawa.

A da wannan ba damuwarmu ba ce, don yaro a waje yake wuni, daga langa sai ƙwallo sai aike. Yanzu a birane yaro yana fita daga boko ya shiga Islamiyya, ya dawo darasin gida, abin da ya rage na yini kuma a kan wayar uwarsa. Wani ƙiyasi da aka wallafa a 2016 ya ce in aka ci gaba a haka, rabin mutanen duniya za su zama masu rashin ganin nesa nan da 2050. A lura dai: fita waje tana hanawa ko jinkirtawa ne. Yaron da ya riga ya kamu yana buƙatar tabaransa, sannan ya fita wasa da su.

Waya da kwamfuta suna kashe ido?

Suna gajiyar da shi. Mai kallon allo ba ya ƙifta ido yadda ya kamata, hawaye ya bushe, ido ya yi ja ya riƙa yaji kamar an zuba yashi, ga hunturu da fanka suna taya ɓera ɓari. Dabarar da likitoci ke bayarwa mai sauƙi ce: duk minti 20 a ɗaga kai a kalli abu mai nisan mita 6 ko fiye na daƙiƙa 20. A ƙara girman rubutu, a nisanta wayar daga hanci, kada fanka ta riƙa busowa fuska kai tsaye. Wannan yana rage gajiya da ciwon kai, ba ya sauya lamba. Gilashin da ake cewa yana tare shuɗin haske kuwa, wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje a 2023 bai ga yana rage gajiyar ido ba.

Na kai shekara 43, sai na miƙa hannu nesa nake iya karatu. Me ya same ni?

Shekaru ne. Madubin cikin ido yana taurarewa sannu a hankali tun daga ƙuruciya, wajen shekara 40 sai ya kasa lanƙwasawa don ganin kusa. Tela yana lura ranar da zare ya ƙi shiga kafar allura, ya matsa bakin ƙofa, ya lashi zaren, ya sake gwadawa, daga ƙarshe ya miƙa wa yaron shago. Mai karatun Alƙur'ani yana lura da wasulla sun fara haɗewa bayan magariba. Kowa zai iske wannan in ya yi tsawon rai, kuma babu atisayen da ke tausasa madubin. Haske mai kyau yana taimakawa ƙwarai. Gilashin karatu na kasuwa ba ya cutar da ido, in an zaɓi mafi ƙarancin lamba da ke nuna rubutu sarai a nisan da aka saba riƙe littafi. Illarsa ɗaya ce: yana sa mutum ya tsallake gwaji a daidai shekarun da hawan jinin ido, cutar da ke cin jijiyar gani a ɓoye, ke fara ɓarna.

Kakanmu ya daina sa gilashin karatu da ya tsufa. Ba warkewa ba ce?

Sau da yawa alamar yanar ido ce, wato farin da ke rufe madubin cikin ido. In yana ta fara daga tsakiyar madubin ido, takan sauya yadda yake karya haske, tsoho ya koma karanta na kusa ba gilashi, na nesa kuma yana daɗa dushewa. A kai shi a duba. Haka mai ciwon sukari da ganinsa ke sauyawa daga mako zuwa mako, sukarin ne ke hawa da sauka, kuma bai kamata a yanka masa tabarau ba sai ya daidaita.

Kallon rana da sassafe yana ƙarfafa ido?

A'a, ƙona shi yake yi. Madubin ido yana tattara hasken rana a daidai tsakiyar labulen, wurin da ake karatu da gane fuska da shi, kuma wurin ba ya jin zafi balle ya yi gargaɗi. Tabon yana iya zama har abada. Dalilin da ya sa ake hana kallon kusufin rana da ido tsirara ke nan, kamar wanda aka yi ranar 29 ga Maris 2006 da ya ratsa arewacin Najeriya da Nijar.

Baƙin gilashi mai ƙananan huji-huji fa? Na gwada na ga rubutu ya fito.

Zai fito. Dunƙule hannunka ka bar 'yar kafa kamar ta allura, ka leƙa ta ciki, za ka ga abin da ya dushe ya washe. Ƙaramar kafa tana tare hasken da ke shigowa a karkace ne. Kana cirewa komai ya koma yadda yake, ga shi yana rage haske da ganin gefe, don haka kada a kuskura a hau babur ko a tuƙa mota da shi. Amfaninsa ɗaya: in ganinka ya gyaru ta cikin huji, alama ce mai ƙarfi cewa tabarau za su yi maka aiki.

Me za a ce game da zuma, ruwan albasa, nonon uwa, ruwan sukari da sauran abin da ake ɗigawa?

Nan ne aka fi asarar idanu. Gaban ido siririn abu ne, kaurinsa wajen rabin milimita, kuma da ya sami rauni ƙwayoyin cuta suka shiga, cikin kwanaki kaɗan yake zama gyambo. Ruwan ganye yana ɗauke da ƙwayoyin cuta irin na fumfuna masu wuyar magani. Fitsari, wanda wasu ke wanke ido da shi lokacin apolo, yana iya kai ciwon sanyi cikin ido, shi kuwa yana huda ƙwayar ido da gaggawa. Apolo da kanta takan warke cikin mako ɗaya zuwa biyu da tsabta da wanke hannu. Yawanci abin da aka zuba ne ke barin hakiya, ba ciwon ba. Hawaye da raɗaɗin da albasa ke jawowa ba dattin ido ba ne ke fita, idon ne ke ƙoƙarin wanke abin da aka zuba masa.

Na kemis ma ba a bar shi a baya ba. Ɗigon da ke ɗauke da dexamethasone da danginsa yana kwantar da ja da ƙaiƙayi nan take, shi ya sa ake sonsa, har uwa ta shekara tana ɗiga wa yaro mai sosa ido. Yin haka na dogon lokaci yana haddasa hawan jinin ido da yana. Kada a yi amfani da shi sai da rubutun likitan ido, kuma a tsaya inda ya ce a tsaya.

Kwalli fa, wanda muka gada iyaye da kakanni?

Ba kwalliyar ce abin tsoro ba, abin da ke cikin tandun ne. Da yawa daga kwallin da ke kasuwa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2011 an sami wani jariri a birnin Boston na Amurka da dalma a jininsa, da aka bincika sai aka gano kwallin da aka kai daga Najeriya ne, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 nasa dalma ce. Wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a ƙauyukan Zamfara a 2010 ya san ba abin wasa ba ne, tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro. A nisanta shi daga jarirai da masu ciki, kuma kada gida guda su yi tarayya a mazizari ɗaya, don ta haka amosanin ido da apolo ke zagaye gida.

Yanar ido tana narkewa da magani?

Babu ɗigo ko abin sha da aka tabbatar yana narkar da ita. Aiki ake yi, a cire madubin da ya yi fari a sa na roba, galibi cikin ƙasa da rabin sa'a, washegari a buɗe ido. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano kashi 4.2 cikin 100 na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 cikin 100 na makantar, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17. Binciken ya kuma nuna fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana, na gargajiya ne aka yi musu, wato a soka tsinke a tura madubin ya faɗa cikin ido, kuma mafi yawan waɗannan idanu a makance aka same su. Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, asibitin ido na ECWA da na Makkah a Kano, da sassan ido na asibitocin koyarwa duk suna yin aikin yana.

In ba na son tabarau sam, ina da wani zaɓi?

Akwai gilashin da ake mannawa a kan ƙwayar ido, amma yana son tsabta sosai, ba a kwana da shi, ba a wanke shi da ruwan famfo ko na rijiya, kuma ƙurar hunturu ba ta raga masa. Akwai aikin leza da ke sake fasalin gaban ido ga wanda ya haura shekara 18 kuma lambarsa ta tsaya, sai dai yana da tsada, ba kowane ido ya dace da shi ba, kuma ba ya hana buƙatar gilashin karatu in shekaru sun ja. Ga yaran da lambarsu ke gudu, likita na iya ba da ɗigon atropine mai rauni ko gilashi na musamman don rage saurin.

Yaushe ne ba a jira, sai asibiti?

In gani ya ɗauke farat ɗaya, ko da ba ciwo. In mutum ya fara ganin walƙiya da ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu yawa, ko wani duhu kamar labule yana saukowa ta gefe. In ido ya yi ja da ciwo mai tsanani har da amai. In farin tabo ya fito a baƙin ido, ko tsakiyar idon jariri ya yi fari. In jariri sabon haihuwa yana fitar da ruwa mai kauri daga ido. In siminti, ruwan batir ko wani sinadari ya fantsama, a fara wankewa da ruwa mai tsabta na aƙalla minti 15 kafin a kama hanya.

Hawan jinin ido kuwa ba ya cikin masu sallama. Yana cin gani daga gefe ba ciwo ba ja, ya fi yawa kuma ya fi saurin kamu a tsakanin baƙar fata, abin da ya cinye kuma ba ya dawowa, sai dai a tsare ragowar da ɗigo ko aiki. Duk wanda ya kai shekara 40 ya je a auna masa matsin cikin ido a duba jijiyar gani ko da yana gani garau, wanda kuma akwai cutar a danginsa ya fara tun kafin nan. Mai ciwon sukari a duba masa bayan ido sau ɗaya kowace shekara. Mai shan taba ya sani tana gaggauta yana. Yaro kuma a gwada shi kafin ya shiga aji ɗaya, kowane ido daban, a rufe ɗaya a gwada ɗaya, domin yaron da ke gani da ido guda ba zai taɓa kawo ƙara ba.